Harsashi Ɗaya, Sana'a Goma: Tarihin Ma'aikatar Makamai ta Kaduna da Darasinsa ga Masana'antun Kano



Da farko ina godiya ga ƙungiya saboda gayyatar da ta yi mini, da kuma ku da kuka bar harkokinku kuka cika wannan zaure da yammacin nan. An nemi in yi magana a kan masana'antun Kano, watau na Bompai da Sharaɗa da Chalawa. Na karɓa, amma ina roƙon ku yi mini uzuri in biyo ta wata hanya wadda da farko za ku ga kamar ratse ce. Zan ɗauke ku mu tafi Kakuri, cikin garin Kaduna, inda Gwamnatin Tarayya ta kafa ma'aikatar ƙera makamai a shekarar 1964, ma'aikatar da ta yi ƙiba lokacin yaƙin basasa, ta kuma rame da aka ajiye makamai. Dalilina shi ne, ciwon da ya kama waccan ma'aikata shi ne ya kama namu na nan Kano, kuma a jikinta ya fi sauƙin ganewa. Ma'aikatar makamai ba ta iya ɓoye gazawarta, domin ranar da aka neme ta, ko dai akwai harsashi ko kuwa babu.

Daga maƙera zuwa bindiga mai ruwa

Kafin mu kama hanyar Kaduna, ya kamata mu tuna cewa Kano ba baƙuwa ba ce ga aikin ƙarfe. Masu binciken kayan tarihi sun gano alamun narka tama a gindin Dala waɗanda suka kai wajen ƙarni na bakwai bayan haihuwar Annabi Isa. Takobi da mashi da kibiya da linzami da likkafa, duk a maƙerun ƙasar nan aka riƙa yin su, da tama ta ƙasar nan, da gawayin itatuwan ƙasar nan. Sarki ba ya aika wa kowa takarda kafin ya ɗaura yaƙi.

Bindiga kuwa labarinta dabam ne. Littafin Tarihin Kano ya nuna a zamanin Sarki Kumbari, wanda ya yi sarauta daga 1731 zuwa 1743, aka kawo bindigogi daga ƙasar Nupe, kuma Babba Zaki, daga 1768 zuwa 1776, shi ne sarkin da ya fara ajiye 'yan bindiga a matsayin masu tsaronsa. Ku lura, tun daga farko bindiga kayan fatauci ce. Maƙeranmu sun koyi gyaranta, sun koyi haɗa albarushi, amma tushen abin yana hannun wasu. Da Turawa suka ga dama sai suka toshe hanyar. A taron da suka yi a Barasal, babban birnin Beljiyam, cikin 1890, suka ƙulla yarjejeniyar hana sayar wa yawancin ƙasashen Afirka bindigogin zamani.

Sakamakon wannan ya bayyana ran 3 ga watan Fabrairu, 1903, a wajejen ƙofofin Dukawuya da Kabuga, kusa da tsohon mazaunin Jami'ar Bayero. Rundunar Kanar Morland ba ta kai mutum dubu ɗaya ba, kuma akasarin sojanta baƙar fata ne, amma tana ɗauke da igwa da bindiga mai ruwa. Ganuwar da aka yi ɗaruruwan shekaru ana ginawa ana ƙarawa ba ta yi yini guda ba. Waɗanda suka faɗi a Kano, da waɗanda suka faɗi a Kwatarkwashi tare da Waziri Ahmadu, ba jaruntaka suka rasa ba. Abin da ya ci su an ƙera shi ne a ma'aikatun Ingila.

Yaƙin Duniya na Biyu

Shekara talatin da 'yan kai bayan haka, Ingila ta shiga yaƙi da Jamus, Kano kuwa ta zama zango babba. Tun daga 1940 aka riƙa kawo jiragen yaƙi a cikin akwatuna ta teku zuwa Takoradi, a ƙasar da yanzu ake kira Gana, a harhaɗa su a can, sannan su taso su biyo ta Ikko da Kano da Maiduguri da Fort Lamy da Hartum har Alƙahira. Jirage fiye da 5,000 suka bi wannan hanya. Da Japan ta cinye Malaya a 1942, Ingila ta rasa babbar hanyarta ta samun kuza, sai aka tilasta wa talakawan Arewa aikin haƙar kuza a Jos, aka kuma matsa wa manoma lamba a kan gyaɗa. Samarinmu suka tafi Bama suka yi yaƙi cikin runduna ta 81 da ta 82.

To, a wannan lokaci me Ingila take yi a gida? Gwamnatinta ta gina ma'aikatun makamai na kanta fiye da 40. Ɗaya daga cikinsu, ta Aycliffe da ke arewacin ƙasar, ta ɗauki ma'aikata wajen 17,000, yawancinsu mata. Abin da nake so ku riƙe shi ne abin da aka yi da waɗannan wurare bayan yaƙi. Da yake an riga an kai musu hanya da reluwe da ruwa da lantarki, ga kuma dubban mutane da suka saba da inji, sai aka mai da su unguwannin masana'antu, irin su Aycliffe ɗin da Wrexham da Bridgend. Watau a can yaƙi ya bar musu irin su Sharaɗa. Mu kuwa da muka ba da gyaɗa da kuza da fata da 'ya'yanmu, yaƙi ya bar mana filin jirgin sama da tsofaffin soja masu lambobin yabo.

Kafa ma'aikatar Kakuri

Da aka sami mulkin kai a 1960, gwamnatin Sir Abubakar Tafawa Balewa ta ƙulla yarjejeniyar tsaro da Ingila. Ina so ku ɗalibai ku san wannan, domin 'yan'uwanku ne na Kwalejin Jami'a ta Ibadan suka yi zanga-zanga har cikin Majalisar Tarayya a Ikko cikin watan Nuwamba na 1960, suna cewa wannan yarjejeniya ta rage wa 'yancin ƙasa daraja. Cikin watan Janairu na 1962 aka soke ta. Daga nan sai tambaya ta taso: in ba za mu jingina da Ingila ba, da me za mu jingina?

Amsar da gwamnati ta bayar ta zo a 1964, lokacin Alhaji Muhammadu Ribaɗu yana Ministan Tsaro. A wannan shekara aka buɗe Makarantar Horar da Hafsoshin Soja a Kaduna, aka kafa rundunar mayaƙan sama, aka kuma zartar da dokar da ta kafa Hukumar Ƙera Kayan Tsaro ta Nijeriya, wadda aka fi sani da DICON. Wani kamfani na Jamus ta Yamma mai suna Fritz Werner shi aka ba aikin tsara ma'aikatar da gina ta da kuma tafiyar da ita. Aka zaɓi Kakuri, inda akwai reluwe, ga masaƙar Kaduna da aka buɗe a 1957, ga kuma barikokin soja a kusa. Da Ribaɗu ya rasu a 1965, ɗan Kano ne, Alhaji Inuwa Wada, ya gaje shi a Ma'aikatar Tsaro.

Bisa tarihin da hukumar ta bayar da kanta, an tsara ma'aikatar ne ta riƙa fitar da manyan bindigogi samfurin BM 59 guda 5,000 a shekara, da ƙananan bindigogi masu sarrafa kansu guda 18,000, da harsashi mai awon milimita 7.62 guda miliyan 12, da mai awon milimita 9 guda miliyan 4. Bindigogin nan biyu ƙirar kamfanin Beretta ne na Italiya. Ku duba yadda abin yake: zanen bindiga na Italiya, inji na Jamus, manaja Bajamushe, ƙarfe da tagulla daga ƙetare. Namu shi ne fili da kuɗi da ma'aikata. Ga sojan da bai wuce mutum 10,000 ba, a lokacin zaman lafiya, wannan ya wadatar.

Lokacin yaƙin basasa

Zaman lafiyar bai daɗe ba. Juyin mulki biyu na 1966, da kashe-kashen da aka yi wa mutanen Gabas a garuruwan Arewa, har da nan Kano, abubuwa ne da bai kamata mu ɓoye wa kanmu ba. Ban da rayukan da aka rasa, waɗanda su ne babbar hasara, Arewa ta wayi gari dubban makanikai da direbobin jirgin ƙasa da masu aikin lantarki da akawuna sun tafi. Ran 6 ga watan Yuli, 1967, aka fara yaƙi.

Gwamnatin Janar Gowon ta nemi makamai wurin abokanta na da. Amurka ta ce ba za ta sayar ba. Ingila ta ba da bindigogi da harsasai da motoci masu sulke, amma ta hana jiragen yaƙi. Sai aka juya ga Tarayyar Sobiyat, kuma a filin jirgin saman Kano ne aka sauke jiragen MiG na farko cikin watan Agusta na 1967. Ma'aikatar Kakuri kuwa aka ce ta ninka aikinta, kuma tarihin hukumar ya ce an ninka shi har sau uku. Wannan ba ƙaramin ƙoƙari ba ne, kuma ma'aikatan da suka yi shi sun cancanci a tuna da su.

Amma bari mu yi ɗan lissafi tare. Kafin a gama yaƙi sojan tarayya ya kai wajen mutum 250,000. In an ninka harsashi miliyan 12 sau uku, an sami miliyan 36 a shekara. In aka raba wa soja 250,000, kowa zai tashi da harsashi 144 a shekara guda cur, abin da sojan da ke bakin daga zai iya ƙararwa a yini ɗaya. Manyan bindigogi kuwa, ko da a ce tun ranar farko aka ninka su zuwa 15,000 a shekara, cikin shekara biyu da rabi ba su kai 40,000 ba. Sauran duka sai da aka sayo. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Ma'aikatar da aka gina don soja 10,000 ba za ta zama ta soja 250,000 don an ba ta umurni ba, balle ma ɗanyen kayan da take aiki da shi sai ya biyo jirgin ruwa.

A ɗaya ɓangaren kuwa, da aka datse wa Biyafara hanyar teku, malaman kimiyya da injiniyoyinta, da yawansu daga Jami'ar Nsukka, suka haɗu suka kafa sashen bincike da ƙere-ƙere. Suka ƙera nakiyar da ake kira ogbunigwe, suka riƙa tace man fetur a cikin daji, suka lulluɓe motoci da sulke. Wasu daga cikin kayan suna nan a gidan tarihin yaƙi na Umuahia. Ban kawo wannan don in yaba wa yaƙi ba, yaƙin da ya ci rayuka fiye da miliyan ɗaya, akasari ta hanyar yunwa. Na kawo shi ne don ku ga bambanci: ɓangaren da yake da kuɗi ya sayi inji, ɓangaren da aka toshe ya koma ga ƙwaƙwalwar 'ya'yansa. Da aka gama yaƙi ran 15 ga Janairu, 1970, ƙasa ɗaya ta gaji duka biyun, amma ba ta haɗa su wuri guda ba.

Bayan yaƙi

Da yaƙi ya ƙare sai ciniki ya ƙare. Rumbunan soja cike suke da makamai iri-iri daga ƙasashe dabam-dabam, ga kuɗin man fetur ya fara shigowa, sayowa daga waje ta fi sauƙi ga mai saye, wani lokaci ma ta fi riba ga wanda ya sa hannu a takarda. Cikin 'yan shekaru kaɗan ma'aikatar ta faɗa cikin matsalar kuɗi, Jamusawa suka tafi. Don kada a rufe ƙofa, sai aka juya injunan ga yin famfon ruwa na ƙauye da kayan gyaran injuna da kujeru da tebura. Mutane suka daɗe suna yi mata ba'a, wai ma'aikatar bindiga ta koma shagon kafinta.

Ni a ganina wannan ba'a ba ta faɗa inda ya kamata ba. Ma'aikatar makamai da ta iya yin famfon ruwa lokacin zaman lafiya ta yi abin da ya dace, kuma haka ake yi a ƙasashen da suka ci gaba. Abin takaicin shi ne ba a yi hakan bisa wani shiri ba, an yi ne don neman na tuwo, kuma ba a yi amfani da shekarun nan wajen koyon zana bindiga ko narka ƙarfenta a gida ba. Saboda haka duk lokacin da aka tashi farfaɗo da ita, sai a sake neman wani baƙon. A ƙarshen shekarun 1970 aka ƙulla da kamfanin FN na Beljiyam. A zamanin mulkin farar hula na Obasanjo aka fito da bindigar OBJ-006, wadda kwaikwayon AK-47 ce. A 2019 aka ƙaddamar da mota mai sulke da ake kira Ezugwu. A 2023 aka sa hannu a sabuwar doka wadda ta ba hukumar damar yin haɗin gwiwa da kamfanoni masu zaman kansu. Duk waɗannan ci gaba ne, ba na musu.

Amma da rana ta ɓaci, me ya faru? Mutanen Kano ba za su manta da ran 20 ga Janairu, 2012, ba, ranar da aka kai hare-hare wurare da dama cikin birnin nan, har da hedkwatar 'yan sanda ta Bompai, aka kashe mutum fiye da 150. A 2014, ana tsakiyar yaƙi da Boko Haram, Amurka ta hana a sayar wa Nijeriya jirage masu saukar ungulu samfurin Cobra, kuma a shekarar ce hukumomin Afirka ta Kudu suka kama tsabar kuɗi dala miliyan 9.3 da aka kai can cikin jirgi don sayen makamai. Shekara hamsin cif bayan kafa ma'aikatar Kakuri, muka sake tsayawa inda muka tsaya a 1967. Zanen aro ba ya rufe katara.

Mu fasa harsashi ɗaya mu gani

Yanzu na iso ga abin da ya sa na zaɓi wannan take. A ɗauki harsashi ɗaya tak a duba abin da ke cikinsa. Kwansonsa na tagulla ne, watau haɗin jan ƙarfe da tutiya, kuma sai an sami ma'aikatar da za ta narka su ta murza su su zama falle. Kansa darma ce da aka lulluɓe. Garin da ke cikinsa ba albarushin mafarauta ba ne, asalinsa auduga ce da aka sarrafa a ma'aikatar harhaɗa sinadarai. Injin da zai buga kwanson yana bukatar ƙarfe mai tauri na musamman, da wanda ya iya sassaƙa shi daidai awo, domin kuskuren da bai kai kaurin gashin kai ba ya isa ya sa bindiga ta cije a hannun soja. Duk wannan kuma sai da lantarkin da ba ya ɗaukewa.

Sannan a dubi sojan da zai ɗauki harsashin. Takalminsa aikin majema ne da baduku. Kakinsa da bargonsa da tantinsa aikin masaƙa ne. Abincinsa na gwangwani, da sabulunsa, da tayar motarsa, da batirinta, kowanne da ma'aikatarsa. Ashe ke nan ma'aikatar makamai kamar jinka take, sauran masana'antu su ne bangon ɗakin. Mu kuwa a 1964 jinka muka saya, muka ce bango ya biyo baya. Babban bangon shi ne ƙarfe. An fara aikin Ajaokuta a 1979 tare da Rashawa, an buɗe ma'aikatar murza ƙarfe ta Katsina a farkon shekarun 1980, amma babbar tukunyar narka tama ta Ajaokuta fiye da shekara arba'in ke nan ba a hura ta ba.

Bompai, Sharaɗa da Chalawa

To, ga mu mun dawo gida. Bompai ita ce ta fari, tun ƙarshen zamanin Turawa, kusa da reluwen da ya iso Kano a 1911, kuma gyaɗa ce ta raine ta: matsar mai da ƙuli-ƙuli na dabbobi, sannan sabulu da turare da alewa da kwanuka da takalma. Bayan an ƙirƙiro Jihar Kano a 1967 aka ba Audu Bako riƙonta, ga kuma kuɗin mai na shekarun 1970, sai aka faɗaɗa zuwa Sharaɗa, wadda ta kai kashi uku, sannan Chalawa, inda manyan majemu suka taru a gefen kogi. Masaƙu irin su Bagauda da Gaskiya suka ɗauki dubban ma'aikata. Waɗanda suka ga lokacin suna ba da labarin yadda kekuna ke cika titi in an tashi daga aiki. Kano ta zama ta biyu ga Ikko wajen masana'antu.

Amma ku tambayi kowane tsohon ma'aikaci: injin daga ina? Kayan gyaransa daga ina? Rini da sinadarin jima da garin roba daga ina? Amsar ɗaya ce da ta Kakuri. Dokokin mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa na 1972 da 1977 sun ba attajiranmu hannun jari, amma doka ba ta iya ɗauke sani daga kan wani ta zuba a kan wani. Da farashin mai ya faɗi a farkon shekarun 1980, gwamnatin Shagari ta kawo matakan tsuke bakin aljihu a 1982, samun lasin shigo da kaya ya zama wahala. Da aka kawo shirin gyaran tattalin arziki a 1986 aka karya darajar naira, kuɗin kayan gyara ya ninninka. Lantarki ya zama sai an ga dama, kowace ma'aikata ta koma kan janareta. Daga baya atamfar Sin ta cika Kantin Kwari. Masaƙu suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya a nan Kano, haka kuma maƙwabtan ma'aikatar makamai a Kakuri: masaƙar Kaduna ta tsaya a 2002, ta UNTL ta rufe a 2007. Gine-gine da yawa a Sharaɗa da Bompai suka koma wuraren ajiye kayan da aka shigo da su daga waje.

Akwai waɗanda suka jure, musamman masu robobi da abinci da casar shinkafa da jima, kuma sun cancanci yabo. Amma ku dubi fatar. Fatar jan akuya ta ƙasar nan ta shahara a Turai tun zamanin ayarin raƙuma, har suna kiranta fatar Maroko don ta can take biyowa. Majemun Chalawa suna jeme ta su aika Italiya da Sifen, a can a yanka a ɗinka, riba mai tsoka ta tsaya a can. Duk masaƙar da ta rufe a Sharaɗa, bango ɗaya ne ya faɗi daga ɗakin tsaron ƙasa. Kuma hasarar biyu ce, domin saurayin da uban nasa ya rasa aiki, shi ma bai samu ba, shi ne wanda masu ɓarna suka fi sauƙin ja.

Abin da wata ƙasa ta yi

Kada ku ce abin ba ya yiwuwa sai ga Turawa. Ku dubi Barazil. A 1950 ta kafa makarantar koyon injiniyan jiragen sama a garin São José dos Campos. Ta yi shekara 19 tana yaye ɗalibai, sannan a 1969, shekara biyar bayan kafa ma'aikatarmu ta Kakuri, gwamnati ta kafa kamfanin Embraer a wannan gari, ta damƙa shi a hannun waɗanda makarantar ta yaye. Kamfanin ya riƙa yin jiragen soja da na fasinja da na feshin gona, saboda haka bai dogara da yaƙi kafin ya ci abinci ba. A 2021 Nijeriya ta karɓi jiragen yaƙi 12 samfurin Super Tucano, a kan kuɗi wajen dala miliyan 500. An harhaɗa su a Amurka, amma ƙirar Embraer ce. Su sun fara da makaranta suka ƙare da ma'aikata. Mu mun fara da ma'aikata, muna ta jiran wanda zai zo ya karantar da mu.

Kammalawa

'Yan'uwa ɗalibai, ban zo don in ce Kano ta koma ƙera bindiga ba. Bindigogin da ke yawo a dazuzzukan Zamfara da Katsina sun ishe mu masifa, kuma ƙera makami aiki ne na hukuma a ƙarƙashin doka. Abin da nake cewa shi ne, ƙasar da ba ta iya yin kayan gyaran injin saƙa ba, ba za ta iya yin harsashinta ba, kuma hannun da ya iya wannan shi ne zai iya wancan.

Saboda haka ina da roƙo uku gare ku. Na farko ga masu karatun injiniya da kimiyya, na nan da na Wudil, da ƙannenku da ke makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa. In lokacin aikin koyon sana'a a masana'antu ya zo, kada ku nemi ofis mai sanyi inda za a sa muku hannu a littafi. Ku shiga inda inji yake. Ku tambayi wane ƙarfe ne ya fi yawan karyewa, wane ne ake jira wata uku kafin ya iso, ku mai da shi aikin bincikenku na shekarar ƙarshe. Na biyu ga masu karatun tarihi da Hausa da tattalin arziki. Tsofaffin ma'aikatan Bompai da Sharaɗa da Kakuri suna nan da ransu a unguwanninmu, kuma abin da ke kansu ba ya cikin kowane littafi. Ku je ku gaishe su, ku zauna, ku rubuta. Na uku gare ku duka, domin cikinku akwai waɗanda gobe za su riƙe alƙalamin sa hannu a kwangilar gwamnati. Ranar da aka kawo muku takardar sayen takalmin soja ko kakin 'yan sanda ko famfon ruwa, ku tuna akwai majema a Chalawa, akwai maɗinka da maƙera a Kano, ku tambaya ko za a iya yi a gida kafin ku aika waje.

Waɗanda suka riƙe Ƙungiyar Ɗalibai a 1960 sun ce ba su yarda a jingina tsaron ƙasa ga wata ƙasa ba, kuma aka saurare su. Rabin aikin suka yi, domin soke yarjejeniya ya fi gina ma'aikata sauƙi. Ragowar rabin yana jiranku.

Shugaba, a nan zan dakata don a sami lokacin tambayoyi. Inda na yi kuskure, malamaina da ke zaune a nan sai su gyara mini.